Yadda Aka Rubuta Jibirin Cikin Attajirai

Naja'atu, gyara zama ki rubuta. Abin da na faɗa shi za ki sa, kar ki gyara mini magana. Labarin Jibirin zan ba ki, wannan da ku yaran yanzu kuke ce wa Attajiri, har wasunku sun ɗauka da gaske wani abu ya binne a ƙarƙashin gado. Ni Hadi na fi kowa sanin sa. Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Na girme shi da damina biyu, shi kuma har yau cewa yake ƙarya ne.

A nan Rugar Ɗinya aka haife mu, kusa da Getso. Kakanninmu masu shanu ne, amma yanzu sunan rugar kawai ya rage. Uban Jibirin, Kawu Ja'afaru, ya ga garke da idonsa, ya kuma ga ƙarshen garken shekarar da cutar bushiya ta shiga shanu. Mu sauran muka haƙura muka rungumi fartanya. Jibirin abu uku ya gada: sanda, da malafa, da kunya. Akwai gona, amma in ka tsaya a tsakiyarta ka yi atishawa, maƙwabta huɗu ne za su ce maka yarhamukallahu.

Sai dai Allah ya ba shi hannun dabba. Akuyar da ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, in ta yi wata biyu a turkensa sai ki ga tana tsokanar jaki. Shi ya sa mutane suke kai masa kiwo. Kin san yadda ake yi: ka kai masa akuya ya riƙe, in ta haifi biyu ɗaya nasa, in ɗaya ta haifa sai a jira haihuwa ta gaba. Taki ma nasa ne. To rabon nasa bai taɓa daɗewa a gidan ba. Da an yaye, ranar kasuwar Getso zai ja shi ya sayar, ya auno hatsi. A ranar kuma yakan kora wa fatake shanu zuwa bakin mota, a ba shi ɗan abin da aka ba shi. Da haka yake riƙe da matarsa Uwaliya da 'ya'ya biyar. Ranar kasuwa ita ce rumbunsa, ba shi da wani.

Akwai abin da ba a faɗa a fili. Yawancin awakin gidan na matan gari ne, kuma mazansu ba su sani ba. Dalili kuwa, namiji in ya ga akuya a tsakar gida, da an yi haihuwa ko lokacin takin zamani ya zo, sai ya ce a ara masa. Kin taɓa jin akuyar aro ta dawo? Sai matan suka riƙa miƙa wa Jibirin ta bayan gida. Shi kuma bakinsa kamar an ɗinke. Ko Uwaliya ta tambaye shi ta wace ce wannan, sai ya ce, ta Allah ce.

Ana nan sai korona ta zo. Aka ce kowa ya zauna a gida, an rufe masallatan Juma'a, an rufe kasuwa. Ga bazara, ga azumi ya kama. Mu masu ɗan sauran dawa a rumbu muka riƙa lallaɓawa. Jibirin kuwa an rufe masa rumbu da kwaɗon gwamnati. Yana da ɗan bunsuru guda nasa na kansa, amma wa zai saya, kowa na ta kansa? Sati biyu da kulle, matata Furera, kakarki, ta leƙa gidan ta dawo ta ce mini da kwaɗon zogale suke buɗa-baki, shi ma ba ƙuli, kuma ƙaramin cikin yaran ya daina kuka, sai dai ya zauna yana kallon mutane.

Sai ga labari wai wata ƙungiya daga ƙasar waje za ta raba abinci ga marasa ƙarfi. Mai unguwa Muntari ya sa aka yi shela kowa ya tsaya a ƙofar gidansa. Aka turo wata yarinya mai suna Kamila, 'yar Gwarzo ce, ta rufe baki da hanci da takunkumi, tana riƙe da wata waya mai faɗin allo. Tambayoyin suna cikin wayar, ita karantawa kawai take yi ta danna.

Da ta zo gidana ta gaishe ni da ladabi, ta ce, “Baba, jiya daga hantsi zuwa la'asar sau nawa kuka ci abinci?”

Na ce, “'Yan nan, ke sau nawa kika ci?”

Ta yi dariya a cikin takunkumin. Ta ce, “Wallahi Baba wanda ya rubuta bai san da azumi ba. Amma sai na danna wani abu kafin ta wuce gaba.”

Ta danna babu. Haka ta danna wa gari kaf, har da mai injin niƙa. Ta wannan tambayar dai kowa ya fito matalauci, kai ɗaya. Sai ya zama abin da zai raba mu shi ne tambaya ta gaba, wato dabba nawa ke cikin gida. Ita kuma ba a yarda da bakin mutum ba, sai ta leƙa ta ƙirga ta ɗauki hoto.

Na bi ta zuwa gidan Jibirin don in ga yadda za a ƙare. Tun daga zaure warin bunsuru ya tare ta. Ta shiga ta tsaya. Awaki a kowane turke, tumaki a gindin darbejiya, ga wata karsana tana tuƙa. Ta fara nuna su da yatsa tana ƙirgawa, Jibirin ya kawar da kai, don a gidansu ba a nuna dabba da yatsa a ƙirga. Ta samu talatin da huɗu.

Ta ce, “Baba, duk naka ne?”

Ya ce, “Suna hannuna.”

“Akwai ranar da kuka rasa abin da za ku ci a watan nan?”

“Alhamdulillahi.”

“Wato babu?”

“Sai godiya.”

Na ce, “Kai Jibirin, godiyar ce za ka tuƙa musu da daddare? Faɗa mata gaskiya mana.”

Ya ce, “Kai da aka haifa a bayana, wa ya sa bakinka?”

Uwaliya tana bakin murhu, murhun da ba wuta. Ta dai kalle shi, irin kallon da mace take yi wa tukunyar da ta tsage a hannunta.

Bayan kwana biyar sunaye suka fito. Ina ciki. Mai injin niƙa yana ciki. Mai unguwa ma yana ciki, tunda kaji kawai aka gani a gidansa. Jibirin ne kaɗai wayar ta ware, ta ce shi ne mai hali na ɗaya a garin. Ƙa'idar ƙungiyar kuma ita ce, dole a samu mutum mai rufin asiri wanda ba ya cikin masu karɓa, ya shugabanci rabo don kar a yi son kai. Aka duba aka duba, mutum ɗaya ne ya cika sharaɗi. Aka kawo masa wata 'yar shara mai ruwan ɗorawa, da takunkumi biyu, da bokitin wanke hannu mai famfo. Aka sa ya yi alkawari a gaban jama'a cewa ƙwaya ɗaya ba za ta shiga gidan da ba a rubuta ba.

Ranar rabo aka zana da'irori da toka a filin makaranta, kowa ya tsaya cikin tasa kamar masu jiran aljani. Jibirin na tsaye a bakin buhuna da 'yar shararsa, yana miƙa masara da wake da man girki. Bai taɓa yin aiki da gaskiya irin na ranar ba. Masarar da ta zube a ƙasa ma sai da ya tsince ya mayar cikin buhu. Da na zo karɓa na ce, “Allah ya ƙara arziki, Alhaji.” Ya ce, “Matsa, talaka, akwai na bayanka.” Muka yi dariya.

Kar ki ce ba mu yi ƙoƙari ba. Da la'asar na auni masara na kai masa da kaina. Ya ce ya yi alkawari a gaban mutane, kuma wannan masarar ya san ta, shi ya auna ta da safe. Na ce to ga dawar rumbuna, ita ba ta san ƙungiya ba. Ya ce a kai wa mabuƙata. Mutane uku suka gwada bayana, kowa ya dawo da ƙwaryarsa. Mutumin da ke kunyar cin abinci a gaban surukinsa, shi za ka ɗora wa sadaka a ka da rana tsaka?

Sai aka ce za a yi rabo na biyu kafin salla, kuma za a sake zagayawa a ƙirga, domin an ce wasu ƙauyuka sun yi coge. Wannan karon duk gidan da aka ga ko tunkiya ɗaya za a cire shi. To ranar farko akwai waɗanda dabbobinsu suna daji lokacin da Kamila ta zo, ni ma ragona yana gona a ɗaure. Kowa ya zauna ya yi tunani a ɗakinsa, shi kaɗai, kuma kowa ya samo dabara iri ɗaya. Jibirin dai an riga an cire shi. Wanda ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi.

Da hantsi na ja ragona na nufi gidansa ta bayan gari, ina ganin na fi kowa wayo. Na tarar da layi. Mai injin niƙa da shanun huɗarsa biyu, liman da jakinsa, mai unguwa da tumaki shida da ban taɓa sanin yana da su ba. Kowa yana kallon sama. Jibirin yana karɓar igiya yana cewa Allah ya tsare, bai ce wa kowa a'a ba, don a wurinsa mayar da dabbar da aka kawo kiwo abin kunya ne.

Ina cikin ɗaura ragon sai ga Furera ta shigo gaida Uwaliya. Wata jar akuya mai farin goshi ta tsinke igiya ta nufo ta, tana kuka tana goga kai a zaninta, 'ya'ya biyu na biye. Na dubi akuyar nan da kyau.

Na ce, “Furera, wannan ba ita ce ta ci leda ta mutu shekara uku da suka wuce ba?”

Ta ce, “Kama ce.”

“Har ta'aziyya na yi miki. Har kuka kika yi.”

“To, Malam, kai kuma wannan ragon da ka ce wa yarinyar gwamnati ba ka da shi fa?”

Na juya wurin Jibirin na ce ya faɗa mini ta wace ce. Ya ce, “Ta Allah ce, kamar ragon.” Rubuta haka, kakarki ba za ta musa ba.

Da Kamila ta dawo, ta zaga gari ba ta ji ko kukan tunkiya ba. Ta iso gidan Jibirin, dangar gidan har ta kwanta don cika. Jaki ya leƙo da kai ta tagar ɗakin kwana. Mu kuma duk mun biyo ta, maza da mata, mun tsaya nesa-nesa kamar yadda aka ce a riƙa yi. Ta ƙirga sau biyu ta samu tamanin da bakwai. Ta sauke wayar.

Yarinyar nan ba wawuya ba ce. Ta kalli dabbobin, ta kalli yaran gidan da ke zaune a inuwa, ta kalle mu.

Ta ce, “Baba, ni ma a ƙauye kakata take. Na san kiwo. Na san ba naka ba ne.”

Ya sunkuya yana gyara igiyar wata akuya.

Ta ce, “Ina so in sa ka. Amma wayar nan ba ta yarda dabba ta zauna ba mai ita. In na cire akuya daga kanka, sai na ɗora ta a kan wani gida. Ka nuna mini kawai, wannan ta wane, wannan ta wance. Kana gamawa sunanka zai shiga, gobe ka karɓi buhu.”

Mai unguwa ya tuna yana da tari. Matan suka ja mayafi suka rufe fuska. Ni kuwa ina lissafin ta inda zan bi in ya nuna ragona. In ya buɗe baki, rabin gari ya fita daga rabo, sauran rabin kuma akwai shari'a a ɗaki. In ya rufe, yaransa su shiga salla da zogale.

Ya gyara malafa ya ce, “'Yata, Allah ya yi miki albarka. Suna hannuna.”

Ta ce, “Inna, ke fa?”

Uwaliya ta ce, “Ni ko sunan tawa ban sani ba, in ma ina da ita.”

Kamila ta ɗaga wayar ta danna tamanin da bakwai a sunansa. Bayan kwana biyu aka aiko wa Jibirin takarda. Liman ya karanta mana, wai ana gode masa, kuma ganin yadda dukiyarsa ta ninka cikin sati uku duk da annoba, ana roƙon ya taimaka wa maƙwabtansa da abin da ya sauƙaƙa.

To ga wata matsala. Dabba tamanin da bakwai a ƙarshen bazara, daji ba ciyawa sai ƙasa. Dole masu su suka riƙa kawo dusa kullum, kowa da ƙwaryarsa, matan ta bayan gida, mazan ta zaure, ana haɗuwa a tsakiya ana gaisawa kamar ba a san juna ba. Dusar kuwa ta masarar rabo ce. Mu ci tsaba, awaki su ci dusa, masu gidan su kalla. An kuma ce akwai zagaye na uku bayan salla, don haka ba mai niyyar ɗauke tasa.

Rana ta uku da rabo na biyu, na zo da ƙwaryar dusata na tarar Uwaliya ta fito da turmi ta girke a bakin zaure. Ta sa takunkumin mijinta, ta ajiye bokitin nan mai famfo a gefe. Mutum takwas na tsaye da ƙore.

Ta ce, “Daga yau dusar waje ba ta shiga gidan nan.”

Mai unguwa ya ce, “Saboda me, Uwaliya?”

“Saboda korona. Dusar nan hannu nawa ta bi? Mai surfe ta taɓa, mai bakace ta taɓa, yara sun yi tari a kai. In cuta ta shiga dabba tamanin, kai za ka biya? Gidan shugaban rabo ne nan, mu ya kamata mu fara bin doka.”

Liman ya ce bai ji an ce tana kama jaki ba.

Ta ce, “Allah gafarta Malam, an ce ba ta kamawa?”

Ya ce a'a, wannan ma bai ji ba.

Ta ce, “To. Kowa ya kawo masararsa yadda take, ba a surfa ba. In wanke hannu a gabanku, in surfa da kaina, in ba dabbarsa dusa da ƙasari mai tsafta.”

Na ce, “Tsabar fa, matar ƙanena?”

“Wace tsaba?”

“Wadda za ta rage in kin cire dusar.”

Ta ce, “Wannan ai ragowar abincin dabbobi ce. Ta riga ta shiga gidan, ba ta fita, kar ta kai muku cuta. Ni zan san inda zan zubar. Wanda bai yarda ba ga igiya can, ya kwance tasa ya ja ta tsakiyar gari, kowa ya gani.”

Ba wanda ya kalli igiya. Mai injin niƙa ya buɗe baki zai yi magana, sai sansa ɗaya ya yi kuka daga ciki, ya rufe. Muka juya da ƙoren dusarmu ɗaya bayan ɗaya.

Saura Jibirin. Shi ne abin tsoro, don in ya ce sadaka ce, an gama. Yana zaune a kan turken jaki yana jin komai. Da na dawo da mudun masara na tsaya a gabansa na ce, “Ka ji dokar da aka kafa a gidanka?”

Ya ce, “Na ji.”

“Alkawarin da ka yi fa? Masarar rabo ce wannan.”

Ya yi tunani sosai, har na ɗauka barci ya yi. Sannan ya ce, “Na ce ba za ta shiga gidan da ba a rubuta ba. Ragonka an rubuta shi. Har hoto aka yi masa. Abincinsa ne, shi aka kawo wa.”

“In ya rage fa?”

“Makiyayi ai bayan dabba yake ci. Haka muka gada.”

Uwaliya ta karɓi mudun ta girgiza, ta ce ragona cin sa ya fi na sa'o'insa, gobe in tulo shi sosai. Furera ta zo da nata mudun a ƙarƙashin mayafi, wai na wata baiwar Allah ne da ta aiko ta. Kafin azahar taɓarya uku ke tashi a gidan, har da manyan 'yan matan.

Sunan Jibirin bai taɓa shiga takardar nan ba, zagaye na ukun ma ba a zo ba. Amma a ranar, da magariba ta yi, ina alwala sai ga shi da kansa ya ce in zo mu yi buɗa-baki. Na tarar da tuwon masara malmala-malmala a akushi, da miyar kuka, yaran sun kewaye nasu ba mai ɗaga kai. Ƙaramin nan yana ci yana kuka wai an fi shi loma.

Na wanke hannu na zauna. Na kai loma ta farko na ce, “Wannan kamar masarata.”

Ya ce, “Ci a hankali. Ragonka ne ya rage, kuma ba kullum yake ragewa ba.”